Wutar Ruwa da Ayyukan Yi: Rabon Magarya da Dungas

Jamhuriyar Nijar ba ta da tashar lantarki ko guda ɗaya da ke aiki da ƙarfin ruwa, amma kaso mai yawa na wutar da ake kunnawa a ƙasar daga ruwa yake fitowa. Ana samar da ita a madatsun Najeriya, ta tsallako iyaka a kan waya, kamfanin lantarki na Nijar, NIGELEC, ya saya ya rarraba. Kafin rikicin siyasar 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin da Nijar ke amfani da shi daga Najeriya yake zuwa. Don haka batun ayyukan yi a fannin wutar ruwa yana da fuska biyu a wannan ƙasa: akwai ayyukan madatsa, waɗanda suke nesa kuma ba su da yawa, akwai kuma ayyukan da wutar ke haifarwa a kan hanyarta da inda take sauka.

Gundumomin Magarya da Dungas, a kudancin jihar Damagaram, suna nuna wannan bambanci ƙarara. A da gunduma ɗaya ce, sai a 2011 aka yanke Dungas ta tsaya da ƙafarta. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da 570,000 a Magarya, da sama da 350,000 a Dungas, kuma yankin yana cikin mafi cunkoson jama'a a duk faɗin ƙasar. Akasarinsu manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwar bakin iyaka, kuma matasa sun fi yawa nesa ba kusa ba. Tambayar da ta shafe su ita ce wane irin aiki ne fannin makamashi mai tsabta yake da shi ga ɗan Bande ko Waca ko Malawa, kuma ta wace hanya ake kai wa gare shi.

Abin da ya hana Korama ba da wuta

Wanda ya zaga kudancin Damagaram da rani zai iya ɗaukar cewa ruwa ba matsala ba ne. Kwarin Korama cike yake da fadamu da tafkuna, ga rake, ga rogo, ga dabino da kayan lambu, kuma a wurare da dama ana haƙa 'yan mitoci kaɗan a tarar da ruwa. Sai dai ruwan da ke shayar da lambu daban, wanda ke juya injin lantarki daban.

Ƙarfin da tashar ruwa ke bayarwa ya dogara ga abu biyu: yawan ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa, da tsawon gangaren da yake faɗowa. Kubik mita ɗaya a daƙiƙa, idan ya faɗo daga tsayin mita ɗaya, yana ɗauke da ƙarfin kilowat 9.8 a lissafi, kuma bayan an cire asarar inji abin da ke shiga waya bai wuce kilowat 8 ba. Ke nan idan aka samu gangaren mita 5, ana buƙatar ruwa kubik mita 25 a kowace daƙiƙa, dare da rana, kafin a samu megawat ɗaya tak. Korama ba ta da ko ɗaya daga cikin biyun. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce mai rairayi, ruwan sama yana nutsewa maimakon ya taru ya gudana, abin da ke gudu kuma na 'yan makonnin damina ne. Ko da an tare shi, rana da iska suna shanye abin da ya haura mita 2 a shekara daga saman buɗaɗɗen tafki a wannan yanayi. Ƙananan madatsu da shingayen rage gudun ruwa suna da amfani a nan, amma amfaninsu na noma ne da shayar da dabbobi da ciyar da ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Wuraren da aka yi nazari aka ga za su iya ba da wutar ruwa a Nijar duk a yamma suke: Kandaji da Gambu a kan Kogin Kwara, da Diyodiyonga a kan kogin Mekuru. Daga Magarya zuwa Kandaji tafiya ce ta sama da kilomita 1,000.

Hanyar da wutar ke bi

Tushen wutar ruwan da Nijar ke sha shi ne madatsar Kainji, wadda aka gina tsakanin 1964 da 1968 a kan Kogin Kwara, da injuna takwas masu ƙarfin megawat 760 a jimilla. Jebba ta biyo baya a 1985 da kimanin megawat 578, sai Shiroro a kan Kogin Kaduna a 1990 da megawat 600, sai kuma Zungeru mai megawat 700 da aka kammala a 'yan shekarun nan. Tun 1976 layi mai ƙarfin kilobolt 132 ya haɗa Birnin Kebbi da Yamai, kuma an daɗe ana fassara wannan ciniki da cewa Najeriya tana ba da wuta da rahusa ne domin ruwan kogin ya ci gaba da isa Kainji ba tare da an tare shi daga sama ba.

Layukan NIGELEC ba a dunƙule suke ba. An raba su shiyya-shiyya: ta bakin kogi da ke ɗauke da Yamai, Doso da Tillaberi, ta arewa da ke shan wutar kwal daga SONICHAR, ta gabas a Diffa, sai shiyyar tsakiya maso gabas da ta ƙunshi Maraɗi, Tawa da Damagaram. Magarya da Dungas a wannan ta ƙarshe suke. Wutarta tana shigowa ne daga Katsina zuwa Gazawa a kan layin kilobolt 132, daga can ta rabu, wani reshe ya nufi Maraɗi, wani ya nufi birnin Zinder, sannan ƙananan layuka su kai ta garuruwa. Akwai tashoshi masu aiki da mai da ke tallafawa, ciki har da rarar wutar matatar SORAZ da aka buɗe a 2011.

A kan waya ba a iya bambanta wutar ruwa da ta iskar gas, domin babban layin Najeriya yana gauraya su, gas ɗin ma shi ya fi yawa. Amma a takarda, kwangilar NIGELEC da kamfanin Mainstream Energy take, wanda ya karɓi ragamar Kainji da Jebba a 2013. Wato kuɗin da mai injin niƙa ya biya a kan mitarsa a kudancin Damagaram, wani ɓangarensa yana komawa albashin ma'aikatan da ke kula da injuna a Kainji.

Raunin wannan tsari ya fito fili a watan Agusta 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar a ƙarƙashin takunkumin ECOWAS, ba a mayar da ita ba sai bayan da aka ɗage takunkumin a ƙarshen Fabrairu 2024. Watannin nan sun koya wa masu walda da teloli da masu sayar da ƙanƙara cewa sana'arsu tana rataye ne a kan shawarar da ake yankewa a wani gari, kuma sun ƙara wa masu haɗa sola da masu gyaran janareto kasuwa.

Ayyukan da madatsa ke bayarwa

Hukumar makamashi mai sabuntuwa ta duniya, IRENA, ta ƙiyasta cewa a 2023 mutum miliyan 16.2 ne ke aiki a wannan fanni a duniya baki ɗaya. Hasken rana ya ɗauki sama da miliyan 7, wutar ruwa kuma kimanin miliyan 2.3. Rabon nahiyar Afirka duka bai wuce 324,000 ba. Wani abin lura a alƙaluman hukumar shi ne, kusan kashi biyu cikin uku na ma'aikatan wutar ruwa suna aikin gudanarwa da gyara ne, ba gini ba, saboda tashoshin da aka riga aka gina sun fi waɗanda ake ginawa yawa sosai. A ƙasar da ba ta da tasha ko ɗaya, wannan babban kaso babu shi ke nan.

Aikin madatsa yana farawa shekaru kafin a zuba shebur ɗin farko. Masana ruwa suna auna tashi da saukar kogi, su tattara bayanan shekaru masu yawa domin su san ambaliya mafi girma da ginin zai iya fuskanta da kuma fari mafi tsanani. Safiyoyi suna zana taswirar kwarin, masana duwatsu suna huda ƙasa su ga ko za ta ɗauki nauyi ko ruwa zai zurare ta ƙarƙashi. Wasu kuma suna bi gida-gida suna ƙirga ɗakuna da rumbuna da gonaki da itatuwa na mutanen da ruwa zai tasa. Wannan rukuni ba shi da yawa, kuma kusan kowa a cikinsa sai da digiri.

Lokacin gini ne ake ɗibar mutane da yawa. Ana neman direbobin katafila da tifa da gireda, masu fasa dutse da nakiya, masu ɗaurin rodi, kafintocin da ke haɗa katakon zuba kankare, magina, masu walda, makanikai, masu awon ingancin siminti da ƙasa, sai leburori da masu dafa abinci da masu gadi. Babbar madatsa tana iya ɗaukar dubban mutane a ƙololuwar aikinta. Sai dai aikin kamar cin rani yake: yana da lokacin shiga da lokacin fita, kuma in ya ƙare sansanin yana watsewa. Abin da lebura ke komawa gida da shi ɗan kuɗi ne. Wanda ya koyi tuƙin babban inji ko waldar bututu mai ɗaukar matsi shi ne ya samu abin da zai ci gaba da ci, domin ana nemansa a aikin hanya da ma'adinai da bututun mai.

Bayan an buɗe tasha ma'aikata suna raguwa ƙwarai, amma waɗanda suka rage aikinsu na dindindin ne, domin madatsa tana yin shekara hamsin zuwa ɗari. Zuciyar aikin ita ce ɗakin kula da injuna, inda ake karɓa-karɓa dare da rana. Ruwa yana shigowa ta manyan bututu ya bugi farfela, farfela ta juya sandar ƙarfe, sandar ta juya janareto. Dole juyin ya tsaya daidai yadda wutar za ta riƙa kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Da magariba, idan birane suka kunna fitilu da fankoki a lokaci guda, nauyi yana hawa kan injin ya nemi rage gudu, sai na'urar daidaita gudu ta ƙara buɗe ƙofofin ruwa. Ma'aikacin da ke bakin aiki idonsa yana kan allo: tsayin ruwa a tafki, zafin boris, matsin mai, girgizar sanda. Idan zafin boris ɗaya ya fara hawa a hankali alhali nauyi bai canza ba, ƙwararre ya san ko mai ya gurɓace ko ruwan sanyaya ya toshe, kuma ya san minti nawa yake da shi kafin ya sauke injin. Irin wannan sani ba a cikin aji kaɗai ake samunsa ba, sai an yi shekaru a gefen wanda ya riga ka.

A bayan waɗannan akwai makanikan da ke kwance farfela su cike ramukan da ruwa ya ci a jikin ƙarfe, da masu lantarkin da ke gwada naɗin waya da taransifoma, da masu kula da na'urorin kariya, da masu nutso, da masu kwashe itatuwa da ciyawa daga ragar bakin bututu. Akwai kuma waɗanda aikinsu kawai zagaya jikin madatsar ne suna karanta ma'aunan da aka binne a ciki, suna auna ruwan da ke tsattsafowa, domin ƙaramin canji a nan yana iya zama farkon babbar ɓarna. Masanin ruwa ma bai gama ba. Kainji tana samun cikowa biyu a shekara: ta ruwan daminar kusa, wajen Agusta zuwa Oktoba, da wadda ke tasowa daga tsaunukan Gini ta ratsa Mali ta iso da sanyin hunturu. Tsara yadda za a saki ruwa tsakanin waɗannan biyu, ba tare da tafki ya ƙafe ko a yi wa na ƙasa ambaliya ba, sana'a ce mai zaman kanta.

Kandaji

Fatan Nijar na samun irin waɗannan ma'aikata nata na kanta ya rataya ne a kan Kandaji, kimanin kilomita 180 arewa maso yammacin Yamai, a jihar Tillaberi. An tsara tasha mai megawat 130, da tafki mai ɗaukar ruwa sama da kubik mita biliyan 1.5, da noman rani a kan kadada 45,000, tare da tabbatar da cewa kogin bai yanke ba a Yamai lokacin bazara. Shugaba Mamadu Tanja ya aza harsashi a watan Agusta 2008. Kamfanin Rasha da aka fara ba aikin bai yi nisa ba aka soke kwangilarsa a 2013. A watan Maris 2019 Shugaba Isufu Mahamadu ya sake ƙaddamar da aikin a hannun kamfanin Gezhouba na ƙasar Sin, da kuɗin Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka da Bankin Musulunci da wasu masu ba da lamuni. A Agusta 2023, da kuɗin waje suka tsaya, kamfanin ya dakatar da aiki ya sallami ma'aikata. Ga matsalar tsaro a yankin, ga kuma nauyin sake tsugunar da dubun-dubatar mutane, ciki har da mazauna garin Ayoru.

Tarihin nan yana da darasi ga mai tsara sana'arsa. Yaron da aka haifa ranar aza harsashin ya isa shiga jami'a tashar ba ta ba da wuta ba. Wanda ya karanci fannin da ba shi da amfani sai a madatsa ya ɗaure kansa ga aiki guda da ba shi da iko a kan jadawalinsa. Sannan ko an gama Kandaji, wutarta shiyyar bakin kogi za ta fara shiga, ba za ta iso Damagaram ba sai an haɗe shiyyoyin biyu. A ɗaukar ƙananan ma'aikata kuma, al'adar irin waɗannan ayyuka ita ce a fifita mutanen da aikin ya shafi gonakinsu, wanda hakan adalci ne. Ƙofar ɗan Magarya a can ita ce ta ƙwarewa: injiniya, ko mai takardar fasaha, ko direban babban inji.

Akwai tashar ruwa da ta fi Kandaji kusa da Magarya nesa ba kusa ba, wato ta madatsar Tiga a kudancin Kano. An gina madatsar a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo domin noman rani da ruwan sha, daga baya gwamnatin jihar ta ɗora mata ƙaramar tasha mai megawat 10. Misali ce ta yadda ake cin moriyar tsohuwar madatsa ba tare da sabon gini ba, amma tasha mai wannan girma ma'aikatanta ƙalilan ne.

Ayyukan kan layi

Inda wutar ruwa ke ba mutanen Magarya da Dungas aiki a zahiri shi ne kan waya. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a Nijar, a karkara kuma adadin ya yi ƙasa da haka sosai. Tsarin ƙasa da aka amince da shi a 2018 ya sa burin kai wa kashi 80 cikin 100 nan da 2035. A yanki mai cunkoso, inda ƙauye ke hango ƙauye, jan layi ya fi araha a kan kowane gida fiye da arewacin ƙasar, don haka kudancin Damagaram yana cikin wuraren da faɗaɗa layi ya fi dacewa da su. Shirin Haske, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a Disamba 2021, da hukumar ANPER mai kula da kai wuta karkara tun 2013, duk a kan wannan aiki aka kafa su.

Kowane kilomita na sabon layi yana buƙatar mai awo, masu haƙa rami, masu kafa falwaya, masu ja da ɗaure waya, da mai ɗora taransifoma. Bayan an kunna kuma ana buƙatar masu sa mita, masu karɓar kuɗi, masu sare rassan da ke taɓa waya, da 'yan gyara waɗanda ke fita bayan guguwar farkon damina su nemo inda turke ya faɗi. Wannan aiki ne mai kisa idan aka yi masa ganganci. Ƙa'idarsa ba ta canzawa: a kashe layi, a kulle makunnin, a gwada a tabbatar babu wuta, a haɗa wayar da ƙasa ta gaba da ta baya, sannan a hau. Yawaitar janareto da sola a gidaje ta ƙara haɗarin, domin gida guda da aka haɗa ba daidai ba yana iya mayar da wuta cikin layin da ake zaton a mace yake.

Mafi yawan guraben ma ba na NIGELEC ba ne. Na masu wayarin gidaje ne, da masu naɗin wayar injuna masu aiki da lantarki, da masu gyaran firji da injin niƙa, da masu kula da wutar asibitoci. Sashen yara na asibitin Magarya, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafawa tun 2005, yana cika maƙil a lokacin zazzaɓin cizon sauro da tamowa, kuma na'urorin iskar numfashi da firjin jini da na rigakafi ba sa jure ɗaukewar wuta. Mai fasahar da ya iya haɗa wutar layi da janareto da batir yadda ɗaya zai karɓi ɗaya ba tare da tsaiko ba, yana da muhimmanci a irin wannan wuri kamar kowane ma'aikacin lafiya.

Rana da famfo

Arzikin makamashin wannan yanki a sama yake. Nijar ta daɗe da sanin haka, domin tun 1965 ta kafa ofishin binciken makamashin rana, ONERSOL, wanda Farfesa Abdu Mumuni ya jagoranta shekaru da dama. Manyan tashoshin sola sun zo a makare, ta Malbaza mai megawat 7 a 2018, da ta Goru Banda mai megawat 30 a 2023, kuma su ma bayan gini ba sa riƙe ma'aikata da yawa. Aikin yana cikin ƙananan haɗe-haɗe: faranti biyu a kan rufin shago, wurin cajin waya, firjin mai sayar da ruwan sanyi, famfon gari, da famfon lambu.

Famfon lambu shi ne inda ilimin ruwa da na lantarki suka haɗu a Korama, kuma lissafinsa shi ne na madatsa aka juya. A Kainji ruwa ke faɗowa ya ba da wuta; a fadamar Korama wuta ake bayarwa ruwa ya hau. Ɗaga kubik mita ɗaya zuwa tsayin mita 10 yana cin kusan wat 27 na awa guda a lissafi, kuma da asarar famfo da tiyo sai a ninka shi. Manomin da ke son kubik mita 40 a yini daga wannan zurfi yana buƙatar abin da ya ɗan haura kilowat 2 na awa, wanda farantai masu ƙarfin wat 500 zuwa 600 za su iya bayarwa a rana mai kyau. Mai haɗin da ya san aikinsa ba ya fara da tambayar kuɗin da ke hannun manomi. Yana zura igiya ya auna zurfin ruwa, ya ja ruwan na ɗan lokaci ya ga nawa yake sauka da kuma saurin dawowarsa, ya duba nisan bakin rijiya da ƙarshen fangali da faɗin tiyo, sannan ya zaɓi famfo. Wanda bai sani ba yakan sa famfon da ya fi ƙarfin rijiya, ruwa ya ƙafe, injin ya yi ta juyi a bushe har ya ƙone, ko ya ja rairayi ya cinye farfelarsa. Ƙurar hunturu kuma tana rage ƙarfin faranti a daidai lokacin da lambu ya fi buƙatar ruwa, don haka ko shara da goge faranti sai an koya wa mai gona.

Kasuwar ta samu ƙarfi daga wani waje da ba a zata ba. Shekara da shekaru injunan ban-ruwa na bakin iyaka da fetur ɗin Najeriya mai rahusa suke aiki. Da Shugaba Bola Tinubu ya cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, farashi ya yi tsalle, lissafin mai lambu ya canza. Kayan sola kuwa suna shigowa ta Kano da Maigatari da sauran kasuwannin iyaka, masu kyau da jabu a gauraye, kuma rarrabe su wani ɓangare ne na sana'ar. Abin da ya fi ƙaranci ba masu sayarwa ba ne, masu gyara ne: wanda zai buɗe inbata ko akwatin sarrafa famfo ya gano abin da ya ƙone, maimakon ya ce a sayo sabo.

Hanyar koyo

Matakin farko a kusa yake. Akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM a ƙananan hukumomi da kwalejojin fasaha na CET a gundumomi, inda ake koyar da lantarkin gini da walda da kanikanci, gwargwadon kayan aiki da malaman da kowace ke da su. Mai takardar BEPC yana iya neman makarantar fasaha irin ta Ɗan Kasawa da ke Maraɗi ya fito da bakaloriyar lantarki. Daga nan akwai cibiyar fasaha ta Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi mai sassan lantarki da gine-gine da injuna, da Jami'ar André Salifou a Zinder, da makarantar EMIG a Yamai mai yaye injiniyoyi. Mai son ilimin koguna yana da cibiyar AGRHYMET a Yamai, wadda aka kafa a 1974, ko makarantar 2iE a Wagadugu, kuma hukumar kula da kwarin Kogin Kwara mai ƙasashe tara hedikwatarta a Yamai take. NIGELEC tana da cibiyar horar da ma'aikatanta, a Najeriya kuma cibiyar NAPTIN tana da reshe a Kainji, kusa da injunan kansu.

Amma akasarin masu aikin wuta a Magarya da Dungas ba ta nan suka bi ba. A gaban maigida suka koya, a gida ko a Kano da Legas lokacin cin rani, suka dawo da hannu mai kyau ba tare da takarda ba. Wannan yana hana su shiga kwangilar gwamnati da ta ƙungiyoyi, inda ake tambayar shaida kafin a duba aiki. Asusun FAFPA, wanda aka kafa domin tallafa wa koyon sana'a, yana shirya gajerun horo ga irin waɗannan, kuma a nan ne kuɗi kaɗan ke yin aiki mai yawa, domin mutumin da ya shekara goma yana wayarin ba ya buƙatar a koya masa riƙe filaya, lissafin kaurin waya da ƙa'idar kariya kawai suka rage masa. Harshe ma shinge ne. Littattafan fasaha da Faransanci suke, takardun kayan da ke shigowa daga kudu da Ingilishi, aikin kuma da Hausa ake yinsa. Kundin tafiyar da mulkin Nijar da aka zartar a Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, amma littafin koyon lantarki da Hausa aiki ne da ke jiran masu yinsa. 'Yan mata kuwa ba su da yawa a azuzuwan lantarki, ko da yake harhaɗa fitilu da gyaran ƙananan na'urori da sayar da katin mita ayyuka ne da ake iya yi a cikin gari.

Darussan da ke ƙarƙashin duk waɗannan sana'o'i iri ɗaya ne: lantarki mai layi uku, injuna masu juyi, taransifoma, na'urorin kariya, da lissafin gudun ruwa a bututu. Wanda ya riƙe su yana iya aiki a famfon gari a Dogo-Dogo, ko tashar rarraba wuta a Gazawa, ko ɗakin injuna a Kandaji idan an gama ta. Manyan ayyukan da ke kan hanya su ma waɗannan hannuwan suke nema. Layin kilobolt 330 da aka ƙaddamar a 2022 domin haɗa Birnin Kebbi da Yamai da Wagadugu, da reshe zuwa arewacin Benin, yana buƙatar masu kafa hasumiyoyin ƙarfe da masu kula da tashoshi. Layin da aka tsara tsakanin Zabori da Malbaza shi ne zai haɗe shiyyar bakin kogi da ta tsakiya maso gabas, kuma sai an ja shi ne wutar da aka samar a yammacin Nijar, ta Kandaji ko ta Goru Banda, za ta iya isowa Maraɗi da Zinder, daga can ta gangara Magarya da Dungas.